Yadda ake gwajin palu da TDR, tun daga yage leda har karanta layi

Ƙanena, tunda ka ce an kai ka istaji CSI, wato asibitin unguwa ko na ƙauye, kuma majo, shugaban wurin, ya ɗora ka tebirin TDR, wato gwajin gaggawa na palu (zazzaɓin cizon sauro), bari in rubuta maka abin da na sani ka aje cikin salula, don ta waya ba za mu gama ba. Na daɗe ina wanga aiki, ƙauyukan Adar na fara kafin in dawo cikin garin Tawa, kuma ka san yadda abin yake daga watan 8 zuwa watan 10 in tabkuna sun cika, tun da asuba za ka iske mata sun yi layi ƙarƙashin rumfa kowace da goyo jikinshi kamar garwashi. A irin wannan rana ake gane wanda ya iya TDR da wanda ya ga ana yi kawai. A ido abin kamar wasan yara ne, soki yatsa, ɗiga jini, ɗiga ruwa, jira. Amma wallahi yawancin sakamakon banza da na gani ba laifin kaset, ƴar robar gwajin, ba ne, laifin hannu ne da na agogo.

Mi ke cikin ƴar robar nan

In ka samu kaset da ya perime wanda ba a yi aiki da shi ba, ɓare shi ka gani. Ba komai ciki sai wata siririyar takarda. Jini da ruwan gwaji suna bin ta kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, daga wannan baki zuwa wancan. Ƙwayar palu da ta fi damunmu a Nijar, wato falsifarom, in tana cikin jini tana sakin wani sinadari da ake ce ma HRP2. A bakin takardar an zuba wasu abubuwa masu kama wannan sinadari, an maƙala masu ƙananan ƙwayoyin zinari da ido ba ya gani sai sun taru da yawa, su ne ke ba da jan launin nan. To in sinadarin yana cikin jini sai su kama shi su yi gaba tare, a wajen harafin T an kafa masu tarko, su maƙale, layi ya fito. A wajen C kuma wani tarkon ne da ke kama su ko da palu ko babu, aikinshi kawai ya shaida maka cewa ruwa ya bi hanya har ƙarshe.

Ka riƙe wannan: TDR ba ya ganin ƙwayar kanta, sawunta yake gani. Nan gaba za ka ga inda hakan ke ruɗa mutane.

Dabarar ba don palu aka fara ta ba, gwajin ciki ne ya yi mata kasuwa, a 1988 aka fitar da Clearblue na mataki guda a Ingila, na palu suka biyo baya farkon shekarun 1990. Da can duk wanda jikinshi ya yi zafi sai a ɗura mashi nibakin, maganin palu na lokacin, a sallame shi, sai a 2010 OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce a gwada kowa kafin a ba shi maganin palu. Gwajin sida, na hepatit B, na sifilis da muke yi ma masu ciki, har na korona, duk gidansu ɗaya, in ka iya wannan sauran ba za su ba ka wuya ba.

Kayan da za ka jera kafin ka kira mutum na farko

- Kaset cikin ledarshi a rufe.
- Ƴar kwalbar ruwan gwaji, wadda muke ce ma tampon ko diluwan, ta cikin kwalin nan ɗin, ba ta wani ba.
- Lanset sabuwa, ɗaya ga mutum ɗaya.
- Abin ɗaukar jini da ya zo cikin kwalin. Wani ƴar zobe ce a bakin tsinken roba, wani kamar ƙaramin ƙoƙo a kife, wani pipet mai zane.
- Auduga mai alkol, da busasshiyar auduga.
- Gan, wato safar hannu.
- Buwat sekirite, kwalin nan na zuba allurai, da pubel ta sauran datti.
- Agogo ko salula, bik ko marka, da rajista.
- Tebir madaidaici wanda ba ya karkata, a inuwa.

Sai takardar da ke cikin kwali, notis. Na san ba wanda ke karanta ta, yawanci ma da ita ake nannaɗe ƙwaya. Karanta ta duk sadda aka kawo sabon kwali, domin marka na canzawa ba tare da an gaya maka ba, kuma kowace marka da nata yawan ɗigo da nata minti.

1. Dubi mutum kafin ka dubi kaya

Gaisa da uwar, tambayi suna, shekaru, kwana nawa da fara masassara, sa termometir. Tambaya guda biyu kar ka manta da su: an ba shi wani magani a gida ko wajen masu talla? Kuma an yi mashi maganin palu cikin wata ɗaya da ya wuce? Uwar za ta ce a'a da farko don tsoron faɗa, yi mata a hankali, ka ce Inna ba faɗa zan yi ba, so nake in san abin da zan ba shi.

In yaro yana jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya shiga ciki sai ya dawo, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko numfashi na sama sama, wannan ba ɗan layi ba ne. Kira majo nan take, a yi gwajin a kan gado ana shirin abin da ya kamata. Ni da safe kafin in zauna sai na zaga layin na ɗaga mayafin goyo ɗaya bayan ɗaya.

2. Leda, ranar mutuwa da suna

Juya ledar ka duba dat, wato ranar mutuwar kaset. In ta wuce ko da kwana ɗaya aje gefe. Duba ko ledar ta huje ko ta yage, danshi shi ne babban makashin kaset. Kar ka yage leda sai mutum na zaune gabanka. Na taɓa aiki da wani da safe zai yage ashirin ya jera wai don sauri, cikin damina kuwa iska duk laima ce, kafin ya kai na ƙarshe takardar ta sha danshi. Ƴar jakar tsakuwar nan da ke cikin leda ta tsotsar danshi ce, a wasu marka tana canza launi in ta jiƙe, notis zai gaya maka. Jefa ta pubel, kar ka bari yara su ɗauka.

Yanzu rubuta suna ko lambar mutum a jikin kaset, kafin jini ba bayan jini ba. Wannan da kaina na koye shi. Wata ranar kasuwa yara biyu sa'annin juna, kaset biyu a tebir ba rubutu, aka kira ni ɗakin haihuwa, na dawo ɗaya layi biyu ɗaya layi guda kuma ban san na wa ne na wa ba. Dole na sake sukar su duka biyun, kakar ɗayan ta wanke ni tas, kuma tana da gaskiya.

3. Wane yatsa

Wanke hannu, sa gan. Ɗauki hannun hagu, yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa. Hagu saboda da dama ake cin tuwo, yaji ya shiga wajen suka sai an tuna da kai. In bahago ne sai ka juya. Ba tsakiyar kan yatsa ake suka ba, ɗan gefe ake yi, ya fi ba da jini kuma bai kai zafi ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, gefen diddige ake suka, gefe na ce ba tsakiya ba saboda ƙashi. Manoman albasa da masu jan guga kuwa fatar yatsansu kamar kirgi take, nemi wurin da ya fi laushi a gefe kusa da farce amma ba jikin farcen ba. Lalle ba ya hana komai, goge wurin da kyau ka ci gaba. Da sanyin hunturu za ka soki yatsa jini ya ƙi fitowa, don haka kafin suka ka sa mutum ya murza tafukan hannunshi ko ya saki hannun ƙasa na ɗan lokaci.

4. Alkol

Goge, ka bari ya bushe da kanshi. Kar ka hura da baki, kar ka goge da riga. In ka soka alkol bai bushe ba zafi zai ƙaru, kuma jinin ba zai taru ya yi ɗigo ba, malalewa zai yi ya bi yatsa kana binshi.

5. Suka

Yaro ya zauna kan cinyar uwa, ta rungume shi ta kama ɗaya hannun, kai kuma ka riƙe yatsan da ƙarfi. Buɗe lanset a gaban idonta ta ga sabuwa ce. Suka ɗaya, da sauri, da niyya. Sababbin shiga tausayi ke sa su ɗan taɓa fata kawai, jini bai fito ba, su sake, su sake, tausayin ya koma mugunta.

Lanset daga yatsa sai buwat sekirite. Ba tebir ba, ba cikin leda ba, ba "bari in gama tukuna" ba. Sa buwat ɗin gefen hannunka na dama yadda ba sai ka tashi ba.

Wasu notis suna cewa a share ɗigon farko da busasshiyar auduga a ɗauki na biyu, in naka ya ce haka yi haka. In jini ya yi nawa, matsa a hankali daga gindin yatsa zuwa sama. Kar ka tatsa kamar nonon akuya, matsa mai ƙarfi tana fito da ruwan jiki ya sirka jinin.

6. Ɗaukar jini, inda aka fi faɗuwa

Mikrolita 5 ake so a yawancin marka. Abu ne ƙanƙani, kusan kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ruwa. Mutane ba sa yarda cewa wannan ɗan mitsitsin ya isa, sai su ƙara wai don gwajin ya fi kamawa. Jini in ya yi yawa takardar gaba ɗaya sai ta yi ja, in layin T mai rauni ne ya ɓace cikin jan, kai kuma ka rubuta negatif alhali yaro na da palu. In kuma jinin ya yi kaɗan sinadarin da ake nema bai isa ya yi layi ba, nan ma negatif na ƙarya. Ka ga ta ko'ina ɓarnar wuri ɗaya take faɗawa.

In zobe ne, taɓa ɗigon da shi a hankali har jini ya rufe ramin zoben kamar tabarau, kar ka kwasa kamar ludayi. In ƙoƙo ne riƙe shi a tsaye ka ɗora bakinshi kan ɗigon, shi zai ja da kanshi. In pipet ne matsa kanshi tun kafin ka taɓa jinin, sannan ka saki a hankali har jini ya kai zanen, ka tsaya nan, kuma kar iska ta shiga tsakani. Pipet ya fi ba sababbi wuya, ni da na fara sai da na yi ta gwadawa da ruwan bisap a gida har hannuna ya faɗa.

Da ka ɗauka kar ka tsaya surutu, jini na daskarewa. Miƙa ma uwar busasshiyar auduga ta danne yatsan, kai ka wuce kaset.

7. Rami biyu, kar ka musanya

Kaset na da ramin jini da ramin ruwa. A nan ma marka ta bambanta, kar ka haddace siffa. A wani ramin jini an rubuta A na ruwa B, a wani jini S ne ruwa kuma shi ne A, a wani ramin jini zagaye ne a wani mai kusurwa huɗu. Wanda ya saba da guda aka canza mashi kwali ba ya lura sai ya lalata biyar.

Taɓa abin ɗaukar jinin a kan takardar da ke cikin ramin har ta tsotse duka, ba a bangon roba ba. Jefa shi buwat sekirite. Ɗauki kwalbar tampon ka kife ta a tsaye cak bisa ramin, bakin kwalbar kar ya taɓa kaset, ka ƙirga ɗigo da baki. In ka karkata kwalbar girman ɗigon na canzawa. SD Bioline ɗigo 4 ne, CareStart ɗigo 2, akwai mai 3 akwai mai 6, notis ne alƙali. In kumfa ce ta faɗo kar ka ƙirga ta.

Tampon na wata marka ba ya aiki ga wata, ko da kwalaben sun yi kama. Kuma kar wani ya ce maka in ya ƙare a sa ruwan serum ko ruwan pampo ko pur wata. Ruwan zai bi takarda, layin C ma yana iya fitowa, amma irin wannan yana haifar da layin T na ƙarya, ka ba mai lafiya magani ka bar ainihin ciwonshi. Na san inda aka yi haka sati guda kowa na fitowa pozitif ana ta mamakin annoba.

8. Agogo

Da ɗigon ƙarshe ya faɗa dubi agogo ka rubuta a jikin kaset lokacin da za ka karanta. In ka ɗiga 9:10 kuma marka ta minti 15 ce, rubuta 9:25. Da haka ko kaset goma ke jere ba ka ruɗewa, kuma ko wani ya karɓe ka ya san inda aka kwana. Aje shi kwance, ba a rana ba, ba daidai bakin fanka ba, ba bakin taga da iskar hunturu ba, don kar takardar ta bushe ruwa bai kai ƙarshe ba. Kar ka ba uwa ta riƙe shi a hannu.

Minti 15 ne ko 20, ya danganta. Mai palu da yawa layinshi yana fitowa tun minti uku ko biyar, wannan ba ya komawa. Matsalar negatif ce. Ka ga layi guda a minti biyar, layin mutane ya yi tsawo, ka ce ma uwa ba palu ka jefa kaset pubel, alhali layi mai rauni sai wajen minti na goma sha wani abu yake leƙowa. Ba a cewa negatif sai lokaci ya cika cif.

Ɗaya gefen kuma, in an wuce iyakar da notis ya sa, galibi minti 30, kar ka karanta. Takarda in ta fara bushewa tana iya fito da wata inuwa wajen T da ba ta nufin komai. In ka tafi sallar Azahar ka dawo ka iske layin da babu shi da, jefar ka sake sabo.

9. Karatu

Fara da C kullum.

In C ya fito shi kaɗai kuma lokaci ya cika, negatif. In C da T sun fito, pozitif. In C bai fito ba gwajin ya lalace, ko da T ya yi ja kamar jan kanwa, sake da sabon kaset da sabuwar lanset. Haka ma in takardar ta yi ja sosai har ba ka iya rarrabewa.

Layin T ko ya yi rauni kamar zanen fensir da aka goge, layi ne, pozitif ne. Fita bakin ƙofa wajen haske ka duba, da dare haska cocila, kar ka dogara da hasken da bai wuce na aci-bal-bal ba. In kana shakka kira abokin aiki ya duba ba tare da ka gaya mashi abin da ka gani ba. Kuma kar ka auna tsananin ciwo da kaurin layi, jikin yaron ne zai gaya maka wannan.

Akwai kaset mai layi uku, C da Pf da Pan. Pf na falsifarom ne, Pan yana kama wani sinadarin daban da dukkan ire-iren palu ke da shi. Ko wanne ya fito tare da C akwai palu, rubuta wanda ya fito.

10. Bayan sakamako

In pozitif ne kuma babu alamar haɗari, a auna nauyi a ba da magani yadda takardar PNLP, shirin ƙasa na yaƙi da palu, da ke manne a bango ta ce. Artemeter-lumefantirin, wanda kowa ke kira Coartem, ƙwaya 1 ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 2 daga 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 3 daga 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 4 daga nan zuwa sama, sau biyu a rana har kwana 3, a sha bayan nono ko abinci mai maiƙo. Na farko a sha a gabanka. Mai ciki kuwa miƙa ta ga majo ko ungozomar CSI.

Negatif shi ne mai wuya, don a nan za a matsa maka. Kaka za ta ce ɗan nan ni na haifi tara, na san palu in na gan shi, ba mu ƙwayar kawai. Yi haƙuri ka girmama ta amma kar ka ba da. Zafin jiki ba palu kaɗai ke kawo shi ba. A duba kunne, maƙogwaro, a ƙirga numfashi, a tambayi fitsari da zawo, a duba jiki ko ƙyanda ce. Daga hunturu zuwa bazara musamman a taɓa wuya, mu nan ƙasar sanƙarau ce, yaron da aka sallama da maganin palu alhali sanƙarau ne gare shi an ɓata mashi kwanakin da ba su dawowa. Gaya ma uwa in zafi bai sauka ba bayan kwana 2 ta dawo a sake gwaji, in ya ƙara tsanani kuwa kar ta jira. Yaron da ke shan maganin CPS, na rigakafin palu da ake ba yara da damina, shi ma in ya yi zafi a gwada shi, maganin yana ragewa ne ba ya toshe ƙofa gaba ɗaya.

Rubuta a rajista nan take har da waɗanda suka lalace, da wannan lissafin ake aiko maku da kaya. Kaset, gan da auduga mai jini su shiga pubel ta ƙonawa, kar ka bari uwa ta tafi da kaset gida yara su yi wasa da shi.

Inda TDR ke ruɗa mutum ko da ka yi komai daidai

Ka tuna na ce sawu yake gani. HRP2 yana zama cikin jini makonni bayan ƙwayar ta mutu, har wata guda ana iya ganinshi. Don haka wanda ya gama magani sati biyu da suka wuce ya dawo da zafi, TDR ya ba da layi biyu, wannan bai tabbatar da sabon palu ba. Nan ne amfanin tambayar da na ce ka yi tun farko. Irin wannan a tura shi labo a yi gut epes, wato a sa ɗigon jini bisa gilashi a duba da mikroskop, kuma kar ka taɓa yin TDR don ka ga ko magani ya yi aiki.

Ranar farko ta ciwo kuma ƙwayar na iya yin kaɗan har kaset bai gan ta ba, shi ya sa ake cewa a dawo.

Akwai kuma wata ƙwayar falsifarom da ta daina yin HRP2 ɗin gaba ɗaya, a Peru aka fara ba da labarinta a 2010, a Iritiriya abin ya kai a 2016 sai da suka bar irin wannan kaset suka koma wata hanya. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, amma in ka lura mutane na ta fitowa negatif a TDR gut epes kuma na nuna palu, kar ka yi shiru, rubuta lambar lo, wato lambar rukunin kaya da ke jikin kwalin, ka gaya ma majo ya kai ma distirik, ofishin lafiya na gunduma.

In wani abu ya yanke

Ba alkol: ruwa da sabulu, ka tsane yatsan ya bushe sarai. Ba lanset: sabuwar allurar sirinji da ba a buɗe ba, ɗan taɓi kaɗan don tana shiga da nisa, kuma kar ka mayar mata da murfi. Ba buwat sekirite: jarka mai kauri mai murfi, ka rubuta a jikinta, ka rufe ta kafin ta cika. Abin ɗaukar jini ya ƙare: kar ka ɗiga jini kai tsaye daga yatsa cikin rami, yawa zai yi, nemo na wani kwalin matuƙar shi ma na mikrolita 5 ne. Tampon ya ƙare: to aiki ya tsaya, buɗe sabon kwali ka yi amfani da kaset ɗinshi da ruwanshi, ko ka tura gut epes. Abin da ke sa tampon ƙarewa kafin kaset shi ne barin kwalba a buɗe da ɗigon ganganci, rufe ta duk bayan gwaji.

In lanset da aka yi aiki da ita ta soke ka, cire gan, wanke da ruwa da sabulu, kar ka tsotsa kar ka matse, tsoma yatsan cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ce ma Dakin minti 5, ka gaya ma majo a take. Maganin kariya daga sida cikin awannin farko ya fi aiki, bayan awa 72 an makara. Kunya ba ta da wuri a nan.

Ajiya

Duba jikin kwali, wasu iyakarsu digiri 30 wasu 40. Kai ma ka san watan 4 da watan 5 a Tawa zafi na wuce 40 a inuwa, balle magaza mai rufin tol da rana tsaka. Nemi ɗakin da ya fi sanyi, ɗakin ƙasa ya fi na siminti, aje kwalayen nesa da rufi da bangon da rana ke duka, kuma ɗora su bisa katako kar su taɓa ƙasa saboda danshi da gara. Ba a sa su firiza. In za ka ɗauko daga distirik a moto yi sammako ko ka bari sai la'asar, kar ka bar kwali ɗaure bayan moto a rana ka shiga kasuwa cin nama. Wanda dat ɗinshi ta fi kusa shi ake jawowa gaba a fara da shi.

Tun watan 6 ka zauna da majo ku ƙirga abin da ya rage ku tura buƙata, don in ruwa ya sauka wasu hanyoyin kori na yanke su. In kuma aka kawo maku wata marka da ba ka taɓa gani ba kuma notis ɗin ya ɗaure maka kai, ɗauki hotonshi gaba da baya ka turo mani ta WhatsApp kafin ka yage leda ta farko.